Saniyar da ke Cikin Salular Gado

In ka sauka tashar Gazawa ka bi bakin kwalta ta gabas, kafin ka kai rumfunan masu aya, za ka ga wani icen bedi, wato dogon yaro, da aka rataya wa tsofaffin tayoyi. Mutumin da ke zaune ƙarƙashinshi, baƙi siriri mai manyan kunnuwa, shi ne Gado mai faci. Taubashina ne, ɗan gwaggona Habi, don haka ni Fati mai fura ina da damar in faɗi duk abin da na ga dama a kanshi, ba kuma mai kai ni ƙara. Rumfata tana kallon icen nan tun kafin a haifi rabin masu kabu-kabun tashar, wato masu haya da babur, ba abin da ya yi da ban gani ba.

Tun muna yara Gado abu ɗaya yake so a duniya, saniya. Ba mota ba, ba Makka ba, saniya. Gidansu manoman gero ne, ko kaho babu a zuriyarsu, amma shi in garke ya ratsa gari sai ya saki abin da yake yi ya bi shi da ido har ƙura ta lafa. Da ya girma ya yi ta gwada hawa daga ƙasa. Ya sayi akuya, ta ci leda ta mutu. Ya sayi tunkiya, matarshi Latifa ta haihu, aka sayar aka yi suna. Ya sayi jaki, jakin ya cinye hular wani jandarma, jami'in tsaro, da ya tsaya a yi mashi iska a taya, dole aka rabu da shi a kasuwa ta gaba. Daga nan ya haƙura, ya zauna gindin bedi yana liƙe tayoyin mutane.

Yana da aboki guda, Idrisa, Bafulatani daga wata ruga arewa da gari. Shekara da shekaru Gado yana yi wa amalanken Idrisa faci, bai taɓa karɓar ko dala ba. Idrisa kuma mutum ne mai kunya, abin ya tsaya mashi a rai. Wata rana a gabana ya ce, “Kaɗo,” haka yake kiranshi, wato Bahaushe, “in Allah ya kai mu kaka, zan ɗaure maka habbanaye.”

Ga wanda bai sani ba, habbanaye al'adar Fulani ce. Mai shanu ya ɗauki karsana ya ba wanda ba shi da ko ɗaya aro. Ta zauna hannunka, ka sha nono, ta haihu sau uku. Maruƙan naka ne halak malak, uwar kuma ka mayar wa mai ita da mutunci. Ba takarda, ba shaidu, kunya ce kaɗai ke tsaronta. Ranar da aka yi wa Gado wannan alkawari har ya manta ya ɗaure ƙafar wata moto, wato babur, mai ita ya dawo yana tura ta yana zagi.

Kaka ba ta zo da kyau ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, ciyawa ta ƙare, ciwo ya shiga garken Idrisa. Wasu suka mutu, wasu ya sayar da su suna tangaɗi. Muka daina ganinshi a tasha. Gado ya riga ya kafa turke a bayan gida, ya sayi igiya sabuwa, sai ya tuge turken a ɓoye don kada labari ya kai ruga.

Sai ga Idrisa wata safiya, ya rame, sanda a kafaɗa, ba ko ɗan maraƙi a bayanshi. Ya tsuguna gaban Gado, ya sa hannu aljihu, ya fito da wata tsohuwar salula mai maɓallai, an ɗaure ta da guntuwar igiyar shanu. Wai wanda ya sayi bijiminshi na ƙarshe ne ya haɗa mashi da ita cikon ciniki.

Ya ce, “Kaɗo, na yi maka alkawari. Ita kaɗai ta rage mani. Sunanta Ɓaleye.”

Na miƙe daga rumfa na zo in ga abin da ake ciki. Salular ko layi babu a cikinta, gilashinta bai fi kwalin ashana ba. Idrisa ya danna nan ya danna can, ya wuce agogo, ya wuce abin lissafi, ya shiga wani lungu mai rubutun da ba na boko ba, ba na ajami ba. Sai ga saniya. Wallahi saniya, an yi ta da ɗige-ɗige baƙaƙe, tana tsaye cikin shinge, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. Ta kaɗa wutsiya ta yi kuka, kukan kamar an taka ɓera.

Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga Gado ya goge hannuwanshi a riga, ya miƙa su duka biyu ya karɓa. Idrisa ya nuna mashi yadda ake yi: biyar ciyawa, biyu ruwa, takwas tatsa, sifiri kuma shi ke buɗe ƙofar shinge in bijimi ya zo wucewa. Ya ce kada a tatse ta kafin ta sha, ba ta so. Sannan ya tashi ya kama hanyar Maraɗi, inda aka samo mashi aikin gadi. Bai waiwayo ba, ni kuma na haɗiye dariyata.

To, tun daga ranar muka shiga uku. Wasa ne fa irin na cikin salula, amma wani irin wasa da ba a ci, ba a faɗi. Ba maki, ba kofi, ba wanda ake harbi. Ka ba ta ciyawa ta ci, ka ba ta ruwa ta sha, ka tatsa wata ƴar ƙwarya ta cika a gefe, gobe ka tarar da ƙwaryar wayam. In ka manta da ita sai ta kwanta ta juya maka baya. Shi ke nan wasan. Amma Gado kafin ya karya kumallo sai Ɓaleye ta karya. Direba zai tsaya da taya a sace, fasinjoji suna ta masifa, Gado zai ɗaga hannu ya ce, “A yi haƙuri, tana sha.”

In batir ya yi ƙasa sai ya tafi shagon Mansur mai gyaran salula, inda ake caji da hasken rana, ya ce ya kai ta mashaya. Shagon nan kullum cike yake da samari, wasu suna buga ƙwallo a telebijin, wasu suna harbe-harbe a manyan wayoyi, ana ihu kamar gobara. Ranar farko da suka leƙa suka ga abin da dattijo yake dannawa, har da masu faɗuwa ƙasa don dariya. Mansur ya duba intanet sama da ƙasa, ya ce wasan nan ko suna ba shi da shi, ba wanda ya taɓa yin maganarshi, ƙila ma wanda ya ƙera shi ya manta ya yi.

Gado bai ji haushi ba. Ya dubi mai riƙe da abin buga ƙwallon ya ce, “Kai, kofi nawa ka ci yau?”

“Huɗu, Baba.”

“Ina suke?”

Yaron ya koma kan ƙwallonshi. Gado ya juya ga mai harbi. “Kai kuma tun safe kake kashe mutane, ko ɗaya ka san sunan ubanshi? Wasanninku in kun kashe waya sun manta da ku. Tawa in na yi latti fushi take yi. Ku nuna mani wanda ya taɓa yin fushi da ku a cikin naku.”

Daga ranar suka sa mashi suna Sarkin Shanu. Ya karɓi sunan hannu biyu, har yau in ka kira shi da shi zai amsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda gari ya bi shi. Da farko tsokana ce, masu kabu-kabu in sun wuce su ce, “Sarkin Shanu, ya garke?” Sannu a hankali tsokanar ta zama gaisuwa. Tsofaffi a ƙofar masallaci sai su tambayi lafiyar Latifa, su tambayi yara, su tambayi Ɓaleye, ba mai murmushi. Da batir ya kumbura murfin baya ya ƙi rufuwa, Gado ya yanko robar tsohuwar taya ya ɗaure, wata tsohuwa ta aiko mashi da kanwa wai tana maganin kumburin ciki. Na ce, “Jama'a, salula ce fa!” Aka dube ni kamar ni ce mai taɓin hankali.

Bijimi yakan zo jefi-jefi. Za ka ji wani kuka mai kauri, sai ga shi ya ɓullo daga dama, ya tsaya bakin shinge. Gado ya danna sifiri, bijimi ya shiga, gilashi ya yi duhu na ɗan lokaci, don wanda ya ƙera wasan mai kunya ne. Bayan watanni aka wayi gari da wani ɗan ɗigo mai ƙafa huɗu a gefen Ɓaleye. Gado ya raba alewa a tasha, mata suka shiga yi wa Latifa barka, ita kuma don rashin ta ido ta dama masu kunu. Shekara ta kewayo, aka samu na biyu.

A nan ne Gado ya zauna ya yi tunani. Na uku na zuwa, Ɓaleye ta tafi. Maruƙan kuma yana son su, amma ba su ya saba da su ba. Su ba sa fushi, ba sa juya baya, tsalle kawai suke yi. Ita ce ya sani, ita ce ta san shi.

Sai ya daina buɗe ƙofa.

Bijimi ya zo ya tsaya bakin shinge ya yi kuka, Gado ya ɗaga kai yana kallon ganyen bedi kamar bai ji ba. Bijimi ya gaji ya wuce. Ɓaleye ta bi shi da kallo har ya fita daga gilashi. Wata ya bi wata, damina ta bi damina. Kukan bijimin nan kuwa duk tasha an san shi, ana jin shi sai kowa ya yi tsit, a zuba wa babban yatsan Gado ido. Yatsan ba ya motsi.

Gari ya ɗauka. Mata a bakin rijiya suna cewa alhakin baiwar Allah nan ba zai bar shi ba. Matan Fulani da ke kawo mani nono suka daina gaishe shi, in sun zo wucewa su kauda kai. Latifa ta tare shi a gabana ta ce, “Malam, ni da na haifa maka bakwai ban taɓa ganin ka yi tunanin rufe ƙofa ba, sai a kan saniyar mutane?” Ni ma na sa baki, don abin ya fara ci mani rai. Na ce, “Kai Gado, kunnuwan nan naka na ado ne? Amana ce fa aka ba ka. Mutum ya ɗauko ta ƙarshe ya ba ka, kai kuma ka zauna kana yi mashi wayo.”

Ya ce, “Ke ba ke kika ce salula ce ba?”

Na ce, “Salula ce, amma kai ɓarawon saniya ne.”

Bai yi mani magana ba har sati ya kewayo, furar ma wurin wata yake saye don ya ƙona mani rai. Amma na ga ya rame. Yakan zauna da salular a tafin hannu yana kallonta, ya ba ta ciyawa fiye da ƙima, kamar mai ba da haƙuri.

Ana haka Idrisa ya dawo. Idanunshi sun yi hazo, masu gidan da yake gadi suka sallame shi, ya koma tsohuwar rugarsu shi da matarshi Zainaba, ba su da ko akuya. Ran kasuwa ya shigo gari yana dogara sanda. Gado ya hango shi daga nesa, wallahi sai da ya yi yunƙurin shiga bayan tarin tayoyi, amma ina, kunnuwa suka tona shi.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta Fulani, gida, jiki, gajiya, zafi. Idrisa bai ce a nuna mashi ba, bai ce a ba shi ba. Can ƙarshe ya ce, “Ɓaleye fa?”

“Tana lafiya.”

“Ta yi nawa?”

“Biyu.”

“Na biyun na bana ne?”

Gado ya dubi ƙasa. “An ɗan jima.”

Idrisa ya shiga murza sanda. Ni ina rumfa na daina dama fura, ina jira ya tashi da faɗa, don da ni ce da tuni tasha ta cika. Sai ya sauke murya ya ce, “Kaɗo, ka yafe mani. Ashe juya na ba ka. Duk shekarun nan kana ta ciyar da ita, ta tsaya a biyu, kai kuma don kunya ba ka aiko ka faɗa mani ba. A gidanmu ba a taɓa ba da habbanaye ta gaza ba, sai a kaina.” Ya share ido da gefen rawani. “Ina da ɗan abin da na taro a Maraɗi. Ba zai kai karsana ba, amma zai kai akuya. Kasuwa mai zuwa zan cika maka na ukun.”

Abin da ya taro ɗin nan kowa ya san shi ne abincinsu shi da Zainaba har kaka. Na dubi Gado. Da zagi aka yi mashi da ya ji sauƙi.

Ya ce, “Ɗan Fulani, saniyarka ba juya ba ce. Ni ne nake rufe ƙofa.”

Idrisa ya ɗago. “Don mi?”

“Don kada ta tafi.”

Idrisa ya ajiye sandarshi. Sannan ya gyara zama a kan wata taya ya ce, “To, mu jira bijimi.”

Suka jira. Labari ya zaga kasuwa, masu aya suka bar aya, masu kabu-kabu suka kashe injin, wani direban motar garin Agiye ya ce ba zai tashi ba sai ya ga ƙarshe, fasinjojin suka goyi bayanshi. Mansur ya jawo waya daga shago aka sa salular a caji don kada a yi abin kunya. Rana ta take, ba bijimi. Aka yi azahar aka dawo, ba bijimi. Wani ya ce ai ya yi zuciya, shekara nawa ana wulaƙanta shi. Wani ya ce ƙila ya tsufa. Wata ta ce a kira shi da Fulatanci, Idrisa kuwa ya kai bakinshi kusa da salular ya yi irin kiran da suke yi wa shanu, ba wanda ya yi dariya.

Wajen la'asar muka ji kukan nan mai kauri. Kasuwa ta yi tsit. Bijimi ya ɓullo daga dama ya tsaya. Gado ya ɗora yatsa a kan sifiri, ya rufe ido, ya danna. Ƙofa ta buɗe. Bijimin ya tsaya yana kallon ƙofar, bai shiga ba, kamar yana tsammanin tarko ne. Sai ihu ya tashi, “Shiga mana! Shiga, ɗan banza!” Ni da nake cewa salula ce, sai na tsinci kaina a kan turmi ina ihu fiye da kowa. Ya shiga. Gilashi ya yi duhu, maza suka kauda kai, wata ta rangaɗa guɗa.

Bayan watanni aka samu na uku. Wannan karon Gado bai raba alewa ba.

Sai wata sabuwa ta taso, wadda ba wanda ya yi tunaninta tun farko. Uwa ta Idrisa ce, maruƙa uku na Gado ne, duka huɗun kuma suna cikin salula ɗaya. Aka kai wa Mansur ya raba. Ya buɗe baya, ya duba, ya hura, ya ce ba kati, ba hanyar turawa, wasan a jikin salular yake kamar ɓargo a ƙashi, in ka taɓa duka za su tafi. Aka tafi gaban mai gari. Dattawa suka zauna tun hantsi. Wani ya ce a sa zarto a raba biyu, tunda uwar ta fi tsayawa a hagu. Wani ya ce ɗaya ya ɗauki batir ɗaya ya ɗauki gangar jiki. Wani ya ce a yi kwana bibbiyu, aka ce saniya ba matar aure ba ce. Mai gari ya ce shi tun da ya gaji kujerar nan ya raba gonaki, ya raba rijiya, ya taɓa raba jaki tsakanin magada, amma wannan a ba shi lokaci.

Idrisa ya ce, “A bar ta wurin Kaɗo har a san abin yi.” Kowa ya gane nufinshi, har abada ke nan. Na ga fuskar Gado ta yi haske, sannan hasken ya ɗauke. Ya dubi Idrisa, mutumin da aka haifa cikin shanu, yau ga shi zaune hannu rabbana, yatsunshi suna ta murza igiyar da ba komai a ƙarshenta. Gado ya tashi ya tafi gida.

Washegari da safe ya fito da rigar sallarshi. Ya cika batir, ya canza robar da ke ɗaure da murfin, ya ɗauro sabuwar igiyar nan da ya saya tun shekarar alkawari. Wani mai kabu-kabu ya ce ya hau ya kai shi kyauta. Gado ya ce, “Ka taɓa ganin an mayar da habbanaye a kan moto?” Da ƙafa ya tafi. Na rufe rumfa na bi shi, ni da Latifa da wasu da ba su da aikin yi. A hanya ya tsaya sau biyu a inuwa, wai kada ta gaji, ya ba ta ruwa. Mu ma muka tsaya muka jira shi.

Muka tarar da Idrisa zaune a ƙofar bukka. Gado ya tsuguna, ya miƙa salular da hannu biyu, kamar yadda ya karɓa.

“Ɗan Fulani, ga Ɓaleye na mayar. Ta yi uku. Allah ya saka da alheri.”

Idrisa ya ce, “Maruƙanka fa, Kaɗo?”

Gado ya ce, “Wane Bahaushe ka taɓa gani yana kiwon shanunshi da kanshi? Ni mai shanu ne yanzu, ina da uku. Na ba ka kiwo. Ka kula mani da su, in na ga sun rame za mu ɓata.”

Idrisa ya karɓa. Ba ya ganin gilashin sosai, amma yatsanshi ya tafi kan biyu kai tsaye, sannan biyar. Ya kai salular kunne, Ɓaleye ta yi kukan ɓeran nan nata. Ya ce, “Ta gane ni.” Zainaba ta shige bukka da sauri. Ni kuma wani abu ya faɗa mani a ido, don rugar nan akwai ƙaiƙayi.

A hanyar dawowa Gado yana gaba. Na lura babban yatsanshi yana ta danna tsakiyar tafin hannunshi, inda biyar take. Har yau yana yi, musamman da safe. Samarin shagon Mansur sun haɗa kai sun sa mashi wasannin gona kala-kala a wata babbar waya, masu shanu jajaye da farare har da tarakta. Ya duba ya mayar masu, ya ce waɗannan shanun ba su san kowa ba. Ran Juma'a bayan masallaci yakan taka zuwa ruga ya ga dukiyarshi, ya karɓo salular ya kai ta mashaya, ya mayar kafin magariba. Bai taɓa bari ta kwana a gidanshi ba.

Makiyayi kuwa yakan aika wa mai shanu nono, haka aka saba. Ran kasuwar farko bayan an mayar da Ɓaleye, sai ga Zainaba da ƙwarya a kai, an rufe da faifai. Ta biyo ta rumfata ta sauke, wai za ta huta. Na ɗaga faifan, ƙwarya wayam, an wanke ta tas. Ta ce Idrisa ne ya ce ta kai haka nan, Kaɗo zai gane. Ta sunkuyar da kai, kunya kamar ta kashe ta.

Na ce, “Haka za ki ratsa tasha da ƙwarya ba komai? Ba a gabana ba.” Na ɗebo nonon da na saya don fura, na cika mata, na mayar da faifan.

Ta tsallaka kwalta ta kai mashi. Ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya dubi rumfata, na yi kamar ina korar ƙuda. Ya kafa kai ya sha, ya goge baki, sannan ya ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji.

“Fati! Zo ki ɗanɗana nonon Ɓaleye, ki ji yadda nono yake. Ba irin naki mai ruwa ba!”

Duk ran kasuwa sai Zainaba ta huta a rumfata, duk ran kasuwa kuma sai ya faɗi wannan magana, har na rasa masu sayen fura biyu a kanta. Ɗan banza mai kunnuwa. Jiya ma cewa ya yi in gaya wa Zainaba ƙwaryar ta yi ƙanƙanta, shanu huɗu ne fa.